Kalmar da Ta Cinye Mana Ɗorayi

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga maigidana Nasiru, angon da ya tsere Paraku ya bar amaryarsa a Jugu da ciwon gwiwa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka lafiya. Ya gajiyar hanya, ya baƙunta? Allah ya tsare min kai gaba da baya. Ya kare ka daga 'yan zem ɗin Paraku masu gudu da babur kamar an biyo su da wuƙa, ya kare ka daga abincin da ba ka san hannun da ya dafa ba, da abokin da dariyarsa ta fi maganarsa yawa. Amin.

Labarin gida ba zan ba ka ba, uwarka tana da waya kuma bakinta ba ya gajiya. Ni takarda na ɗauka, don in na kira ka cewa za ka yi, "Iya, ina taro, zan kira ki," kuma ba za ka kira ba. Ka yi haƙuri da rubutuna. Lakwal ɗina, wato makarantar boko, ba ta yi nisa ba, kuma za ka ji nan gaba irin ɓarnar da 'yar kaɗan ɗin ta yi.

Ga abin da ya hana ni sakewa. Ka san Mahuta, kurmin kaɗanya da ɗorawa da ke bakin gari a kan hanyar Seru, inda nake zuwa tsintar kaɗe da sauran tsofaffi. Kwanakin baya mun tarar da mutum biyu a ciki, da wani ƙarfe mai ƙafa uku suna leƙa ido ta cikinsa. Da suka tafi, sai ga jan fenti a jikin itatuwa. Ba a jima ba sai ga ka da murna, wai wani biro, wato ofis, mai zana taswirar gefen garuruwa ya ɗauke ka aiki, kuma aikinka na fari shi ne ka dawo Jugu ka tambayi mutane abin da suke yi a Mahuta.

Na tambaye ka a bakin ƙofa, jakarka a kafaɗa, na ce, "Maigida, sare shi za ku yi?"

Ka ce, "Haba Iya, kiyaye shi za a yi. So ake a san darajarsa wurin mutane, a sa shi cikin tsarin gari."

Na ce to. Amma wannan to ɗin bai kai ciki ba. Samari nawa ne suka gama karatu irin naka suna zaune a gindin mangwaro? Me ya sa kai aka ɗauka da wuri haka? Ni na san dalili. Kana jin Hausa, kana jin Dendi, kana tsintar Yom, kuma kai jikan Tabawa ne. Matan Mahuta ba za su buɗe wa baƙo baki ba, amma za su buɗe wa yaron da suka goya. Harshenka suka ɗauka aiki, angona, ba kyawunka ba, wanda dama ni kaɗai nake ganinsa. Kuma shugaban naku da ka haɗa mu a waya, ya yi ta "Mama, Mama" kamar ni na shayar da shi. Na taɓa jin murya mai zaƙi irin wannan, a garin da kake zaune yanzu. Gyara zama.

Lokacin da aka kai ni Paraku gidan kakanka Alhaji Isufu, Allah ya jiƙansa, tun kafin mu koma Jugu da zama, gidanmu shi ne kusan na ƙarshe ta wajen Kpebiye. Daga bayan katangarmu sai kurmi, muna ce masa Ɗorayi saboda yawan ɗorawa. Kuskurena na farko shi ne na raina wurin. Ni 'yar cikin gari ce, 'yar masu shago. Na ce wa kakanka, "An kawo ni daji cikin sauro da macizai. Yaushe za a share wannan ƙazanta a yi gidaje?" Ya ce, "Bari ki haihu." Na ɗauka baƙar magana ce irin tasu ta mahauta.

Da na haifi ubanka, a Ɗorayi aka samo itacen wankan jego da ganyen da aka tsoma a ruwan. A can aka sassaƙo maɗacin da na sha ina zagin duk wanda ya shuka shi. Wadda ta kawo min su wata Babarba ce mai suna Bona, maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa, ba dangin iya ba na baba. Da na yi arba'in ta ja ni zuwa tsintar kalwa. A can na gane ashe rabin rayuwar unguwa ba a cikin gidaje take ba. Kakanka yana tsayar da shanun da ya sayo wurin Fulani a can, su huta su sha ruwa kafin ranar kasuwa, shi da makiyayan su zauna a kan saiwa suna ciniki da tsokanar juna. 'Yan mata suna gaɗa da yamma. Samari suna kokawa bayan girbi. Ranar Idi, in fili ya cika, sahu har cikin inuwar ɗorawa yake kaiwa. Can ƙurya akwai wata kuka da tsofaffin su Bona suke ɗaura wa farin ƙyalle, mu ba ma zuwa kusa, su kuma ba sa taka inda muke salla. Mu mata kuwa, abin da ba ya faɗuwa a tsakar gida a gaban uwar miji, a gindin kaɗanya yake faɗuwa. Mace ta je da kuka ta dawo da kwando cike, ba wanda zai tambaye ta me ya ja mata jan ido.

To ka ji. In ka isa wuri ka ga ciyawa da sauro kawai, kada ka yarda da idonka na ranar farko. Ido ne na amarya, bai san komai ba tukuna.

Shekaru suka wuce, gari ya matso. Wata safiya sai ga mota a bakin Ɗorayi, da wani mutum mai fara'a, riga cikin wando, da takarda a hannu. Ya ce gari zai faɗaɗa, yana so ya san abin da ake yi a wurin nan don kada a cuci kowa. Ya ce zai dawo jibi, mu taru.

Ka san mu da mai takarda. Kafin jibi kowa ya zo min da nasa tsoron. Matan kaɗe suka ce kada a ambaci kaɗe, haraji za a ɗora mana. Kakanka ya ce, "Kada in ji an ce shanu. Cewa za su yi muna ɓata gari da kashi, su kore mu." Bona ta riƙe min hannu ta ce, "Tabawa, maganar kuka ba ta takarda ba ce. Za su ce muna bautar itace, yaranmu su ji kunya a lakwal." Liman ya ce shi ba ya son magana da hukuma. Aka rasa mai tsayawa gaba, sai aka ce ai Tabawa ta yi lakwal. Ni kuwa na ɗaura sabon zane, na tauna goro, ina jin kaina kamar matar gwamna.

Mutumin yana jin Hausa irin ta kasuwa. Ya ce, "Madam, me kuke yi a nan?"

Na ce, "Ba komai, mushe," wato yallaɓai da Faransanci. "Wucewa kawai muke yi."

"Ba ku ɗiban wani abu?"

"Me za a ɗiba? Daji ne."

Ya dubi kwandunan da muka tura bayan itace, ya dube ni. Wallahi ina jin ya so ya sake tambaya. Ni kuwa na tsuke fuska, ina ganin na yi wayo, mata suna ƙyafta min ido.

Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma na zargi ne. Mun zargi mutumin har muka ɓoye masa abin da zai iya cetonmu. Har yau ban san zuciyarsa ba, ko mugu ne ko bawan Allah ne da aka aiko. Amma ko waliyyi ne, me zai rubuta tunda mun ce ba komai? Saboda haka, Nasiru, ka sani za a yi maka ƙarya. Tsohuwar da ta fi kowa kama da mutuniyar kirki ita za ta fara. In aka ce maka "ba komai", kada ka rubuta. Dubi ƙasa. Hanyar ƙafa ba ta yin kanta. Saiwar da ta yi santsi, zama ne ya goge ta. Duwatsun murhu masu baƙi, tabon wuƙa a jikin maɗaci, kashin shanu, igiyar lilo, duk suna magana, kuma su ba sa tsoron haraji. Kada kuma ka je sau ɗaya da tsakar rana cikin motar biro ka ce ka gani. A wannan lokacin ko gidanmu ka shiga cewa za ka yi kango ne. Je ka lokacin da ɗorawa ta nuna, koma farkon damina da kaɗe yake zuba, koma jajibirin kasuwar shanu, koma ranar Salla. Wuri ɗaya ne, amma kowane zuwa wani gari za ka tarar.

Yanzu ga babban, wanda har gobe in na tuna sai in ji goro ya yi min ɗaci.

Mutumin ya juya takarda ya ce, "To wurin na wane ne?"

Nan na ji daɗi, don wannan tambaya ina da amsarta ta gaskiya. Ɗorayi ba gadon gidan wani ba ne. Babarbe, Bahaushe, Bafulatani, kowa yana shiga ba sallama. Na ɗaga kai na ce, "Ba na kowa ba ne, mushe."

Ka ji abin da nake nufi, ko? Ba mai iya cewa nasa ne shi kaɗai. Da na ce "na kowa ne", ma'anar ɗaya ce a zuciyata. A Hausarmu kowa kalma ce mai fuska biyu: ka bar ta haka ta tara duniya, ka sa mata "ba" gaba da baya ta kore kowa da kowa. Ni ban taɓa lura ba sai ranar.

Ya ɗaga gira ya ce da Faransanci, "Personne?"

Sai lakwal ta motsa. Na tuna mushenmu, malamin ajinmu, yana nuna hoton mutum a allo muna rerawa, une personne, mutum. Na ce a raina, madalla, ya gane wurin na mutane ne. Na buɗe baki da ƙarfi don matan baya su ji Faransancina, na ce, "Wi, mushe. Personne!"

Ya rubuta. Mata suka yi guɗa. Bona ta ce, "Kai, Tabawa, har da Turancinsu!" Ashe su ma tasu kalmar fuska biyu gare ta, in ta tsaya ita kaɗai ba kowa take nufi. Harshe biyu na yi magana da su a ranar, kowanne na kama shi ta wutsiya. Daga baya wani ɗan unguwa da ya ga taswirar ya ce an rubuta vide a kan Ɗorayi, wato wofi.

Da rani katafila ta zo da hantsi. Ba zan ba ka labarin ƙarar faɗuwar ɗorawa ba. Aka yanka wurin gida-gida, abin da suke kira kare. Ba kare mai haushi ba, ko da yake wannan ma ya ciji mutane da yawa. Bona ta tsaya kusa da ni muna kallo, ba ta yi kuka ba, ta ce, "Tabawa, Faransancinki ya fi gatari kaifi." Ta yi dariya, ni ma na yi, sai kuma muka kasa kallon juna.

Ban ce kalmata kaɗai ta sare Ɗorayi ba. Wataƙila ko na yi waƙa da kalangu sai sun sare. Kuma kada ka ɗauka ina gaba da gini. Mutane suna haihuwa, dole su sami inda za su sa kai, ubanka ma a ɗaya daga cikin karen nan ya yi ɗakin aurensa. Amma na ba su abin da za su nuna in an tambaye su: ga shi, matan wurin da bakinsu suka ce ba kowa. Don haka kada ka tambayi mutanenmu "na wane ne?" Tambayar masu shago ce, amsarta suna ɗaya take nema, in ba a samu suna ba sai a rubuta wofi. Tambaye su, "In aka sare wannan, wa zai yi kuka?" Sannan ka tanadi takarda mai yawa.

Saura kuskure ɗaya, ƙarami ne amma shi ya fi kama da abin da ka faɗa min a bakin ƙofa. Da muka yi gunaguni, aka nuna mana taswira, aka ɗora yatsa a kan wani ɗan tabo kore kamar farcen babban yatsa, aka ce, "Ga naku nan, an bar muku wurin shan iska." Na yarda, har na lallashi sauran. Aka kewaye shi da waya, aka zuba bencin siminti, aka shuka furanni da wasu itatuwa dogaye marasa inuwa, waɗanda ko akuya ba ta kula su. Aka sa ƙofa da kwaɗo. Ranar da muka je shanya kalwa a kan simintin, mai gadi ya ce, "Madam, nan ba kasuwa ba ce." 'Yan mata suka je gaɗa, aka ce suna tattake ciyawa. Zuwana Paraku na ƙarshe na sa ɗan zem ya bi da ni ta wurin, na tarar ana wankin motoci.

Kore a takarda fenti ne, maigida. In sun nuna maka shi, tambayi wa zai riƙe mabuɗi. Tambayi ko saniya za ta iya shiga, ko mace za ta iya hura wuta ta dafa kalwa, ko tsoho zai iya ɗaura ƙyallensa ba a ɗauke shi hoto ba. In an ce a'a, to ba Mahuta aka kiyaye ba, an kashe shi ne an yi masa ado.

Ka san abin da ya fi ba ni haushi? Ba kaɗen ba, kaɗe ana sayensa a kasuwa. Bayan Ɗorayi ni da Bona ba mu yi faɗa ba, amma ba mu da inda za mu haɗu. Gidanta na can, nawa na nan, kowa da katangarsa da ƙofar ƙarfe. Sai gaisuwar biki da ta mutuwa. Ubanka yana jin Barbanci kamar ɗan gida don a gindin ɗorawa ya yi rarrafe da 'ya'yanta. Ƙannensa da aka haifa daga baya ko "sannu" ba su iya ba. Wannan a wane layi na takardarku ake rubuta shi? In babu layin, ka zana shi da hannunka, ko shugabanka zai ɓata rai.

To, ga inda maganar ta tsaya. Da aka ga jan fenti a Mahuta, matan sun taru, kuma wallahi kamar ana maimaita min tsohon mafarki. Wannan ta ce a ɓoye kaɗe. Jumma, Bafulatanar da ke kawo nono daga wajen Pelebina, ta ce kada a ce garkensu yana kwana a can. Wata tsohuwa Bayoma ta ce dutsen kakanninsu ba na faɗa ba ne. Na bar su suka gama, sannan na ba su labarin personne. Sun yi dariya har Jumma ta kusa kifar da ƙwarya.

Da dariyar ta lafa, Jumma ta ce, "To Iya, in mun faɗa kuma suka yi amfani da shi suka cuce mu fa?"

Na ce, "Mun gwada shiru, na ga inda ya kai mu. Wannan karon jikana ne zai zo."

Ta ce, "Jikanki na biro ne yanzu."

Na ce, "Na biro ne da rana. Amma ni na yi masa wankan farko, na san inda yake jin cakulkuli."

Sun yarda za su yi magana, duka, har abin da ba a saba faɗa ba. Tsohuwar nan Bayoma ta ce za ta nuna maka inda dutsen yake daga nesa, kai kuma ka rubuta a bar wajen, ban da dalili. Sunana na ajiye musu, Nasiru. Ba ni da gona, ba ni da shanu, abin da ya rage min a garin nan shi ne in na zo gindin kaɗanya a matsa min wuri. In aka sare Mahuta da maganar da suka faɗa maka, ba zan iya sake zama cikinsu ba, kuma a shekaruna ba a sabon zama.

Sharaɗinsu ɗaya ne, ni na koya musu shi. Duk abin da ka rubuta da Faransanci, kafin ya shiga mota, za ka tsaya a gindin babbar ɗorawa ka juya mana shi da Hausa da Dendi, kalma bayan kalma, Jumma ta juya wa nata, tsohuwar ta juya wa nata. In shugabanka ya ce ba a yin haka, ka ce masa Mamarsa ce ta ce. In ya ƙi, to ka san abin da jan fentin yake nufi, kuma ina so in ji daga bakinka kafin in ji daga bakin katafila. Ba na ce ka bar aikinka ba. Na ce kada ka zo mana da murya mai zaƙi.

Ni har yanzu ban yarda da su ba. Kai ma rabi na yarda da kai, tunda ka iya tafiya ba ka bar min ko na goro ba. Amma a Mahuta nake so a samo ganyen wankan jegon matarka, wadda za ka yi min ita in ka ga na tsufa da yawa.

In ka zo, ka fara da ni. Ka tambaye ni na wane ne, ko da na hana ka tambayar, don na daɗe ina gyara amsar a bakina. Zan ce na kowa ne. Ka rubuta shi a gabana da manyan baƙaƙe, in sa tabarau in duba gabansa da bayansa. In na ga "ba" ko ɗaya ta raɓe shi, da kai da biron naku za ku san Tabawa ta yi lakwal.

Allah ya tsare ka a zaune da tafiye. Ya sa ka gama da mutanen Paraku lafiya, ya ba ka kunnen da ke jin abin da ba a faɗa ba, ya tsare hannunka daga rubuta abin da za ka yi shekaru kana tunawa. Ya dawo min da kai lafiya kafin kaɗe ya fara zuba. Amin.

Kakarka, uwargidanka tun kana cikin zane,
Iya Tabawa, Jugu.